Binciken gidan da banki ya ƙwace kafin saye a Amurka

Gidan da banki ya ƙwace shi ne wanda mai shi ya jinginar ya karɓi rance, biya ya gagara, aka kai shi gwanjo amma babu wanda ya yi tayin da zai rufe bashin, sai ya koma hannun mai ba da rancen. A harkar gidaje ta Amurka ana kiran irinsa REO. Yakan fi sauran gidajen unguwa araha, sai dai ana sayar da shi ne a yadda yake. Banki bai taɓa kwana a cikinsa ba, bai san inda yake yoyo ba, kuma a jihohi da dama doka ba ta tilasta masa cike takardar bayyana aibin gida kamar yadda take tilasta wa talaka mai sayar da nasa ba. Nauyin gano aibi kacokan yana wuyan mai saye.

Asali

Irin wannan ciniki ya yawaita ne bayan rugujewar kasuwar gidaje da ta soma a 2007. A 2010 kaɗai bankuna sun karɓe gidaje sama da miliyan 1, kuma jihohin Nevada, Arizona, Florida da California na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ban da bankunan kasuwanci, kamfanonin Fannie Mae da Freddie Mac, masu sayen basussukan gidaje daga hannun bankuna, na sayar da nasu ta shirye-shiryen HomePath da HomeSteps, ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ita ma tana da nata.

Akwai bambanci tsakanin saye a wurin gwanjo da saye daga hannun banki. A gwanjo sau da yawa ko leƙa cikin gidan ba a bari a yi, cinikin biri a sama ne. Idan gida ya koma hannun banki kuwa, akan ba mai saye 'yan kwanaki, galibi ba su wuce 10 ba, ya kawo mai bincike, in bai gamsu ba ya janye ya karɓi kafin alƙalaminsa.

Duba jikin gida

Binciken gida sana'a ce mai zaman kanta a can; ƙungiyar masu yin ta, ASHI, an kafa ta tun 1976. Mai bincike yakan duba harsashi, rufi, wayoyin lantarki, bututun ruwa da na'urorin ɗumama ɗaki da sanyaya shi, ya rubuta rahoto da hotuna. Ladansa 'yan ɗaruruwan daloli ne.

Babbar matsalar gidan banki ita ce zaman kango. Yakan yi watanni, wani lokaci shekaru, babu kowa a ciki, an yanke ruwa da wuta da gas. A jihohin arewa masu tsananin sanyi, ruwan da ya rage a bututu yakan daskare ya fasa shi a cikin bango, ba wanda zai sani sai ranar da aka buɗe famfo aka ga silin yana ɗiga. Don haka ne bankuna kan sa a zuƙe ruwan bututu, a zuba maganin hana daskarewa a magudanai, a manna takardar gargaɗi a kan murfin masai. Amma wannan aiki ba ya nuna ko bututun ya riga ya fashe. Mai saye mai hankali yakan nemi a dawo da ruwa da wuta kafin ranar bincike, ko da daga aljihunsa ne; in banki ya ƙi, a hura iska cikin bututun a ga ko zai riƙe ta. Rahoton da aka rubuta a gidan da babu ruwa babu wuta, rabin rahoto ne.

A ɗakin ƙarƙashin ƙasa, famfon da ke fitar da ruwan da ke tsattsafowa da lantarki yake aiki. Da an yanke wuta sai ruwa ya kwanta, fumfuna ta bi bango, warinta ya tari mutum tun daga matakala. A kudu kuwa danshi da gara ne. Ga ɓarayin jan ƙarfe da kan fasa bango su zare waya da bututu, su kwance na'urar sanyaya ɗaki ta waje. Wasu masu gidan ma, cikin ɓacin ran kora, sukan tafi da murhu da kabad ɗin kicin.

Wasu abubuwan ba sa cikin aikin mai bincike na yau da kullum, sai an kira gwaninsu: zura kyamara cikin bututun bahaya, auna radon, wata iska mai illa da ke tasowa daga ƙasa, wadda hukumar kare muhalli ta EPA ke ba da shawarar a ɗauki mataki idan ta kai picocurie 4 a kowace lita ta iska, da gwajin fenti mai dalma. An haramta wannan fenti a gidaje a 1978, kuma dokar tarayya ta ba mai sayen gidan da aka gina kafin shekarar kwana 10 ya gwada.

Duba takardu

Ɓarnar bango ana iya ƙiyasta kuɗin gyaranta. Ɓarnar takarda kuwa tana iya raba mutum da gidan baki ɗaya, shi ya sa wannan sashe ya fi na farko nauyi, ko da yake shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A ƙarshen 2010 ta bayyana cewa ma'aikatan wasu manyan bankuna suna sa hannu a dubban takardun rantsuwa na ƙwace gidaje ba tare da sun karanta ba. Lamarin ya kai ga sulhun dala biliyan 25 a Fabrairun 2012 tsakanin gwamnatin tarayya, jihohi 49 da bankuna biyar. A Janairun 2011 kotun ƙolin jihar Massachusetts, a shari'ar Ibanez, ta soke ƙwacen da aka yi saboda bankunan sun kasa nuna cewa jinginar tana hannunsu a lokacin. A Oktoban shekarar, a shari'ar Bevilacqua, ta yanke cewa wanda ya sayi gida daga banki bayan gurɓataccen ƙwace bai mallaki komai ba, duk da ya biya kuɗinsa.

Saboda haka ake sa lauya ko kamfanin binciken mallaka ya bi tarihin gidan a ofishin rajista na gunduma, a kuma sayi inshorar mallaka da sunan mai saye, ba wadda ke kare mai ba da rance kaɗai ba. Ana neman bashin harajin gida, kuɗin ruwa, bashin ƙungiyar mazauna unguwa, tarar karya dokar gini, da ɗakunan da aka ƙara ba da izini ba. Idan gwamnatin tarayya na bin tsohon mai gidan haraji, hukumar tara haraji ta IRS na da kwana 120 bayan gwanjo da za ta iya fanshe gidan. A Michigan da Minnesota shi kansa tsohon mai gidan yakan samu kimanin wata 6 na fansa.

Banki kan haɗa nasa ƙarin sharuɗɗan a bayan yarjejeniyar ciniki, kuma su ne ke rinjaye in an sami saɓani. A ciki akan tarar da tarar kowace rana idan mai saye ya jinkirta biya, da sharaɗin cewa ba zai kai ƙara kan aibin da ya gano daga baya ba.

'Yan haya da kuɗin gyara

Wani gidan akan same shi da mutane a ciki. Dokar kare 'yan haya ta 2009, wadda aka mayar ta dindindin a 2018, ta wajabta ba ɗan haya na gaskiya sanarwar aƙalla kwana 90 kafin ya tashi. Gidan da ya lalace sosai kuma bankuna ba sa ba da rancen saye na yau da kullum a kansa. Masu saye kan nemi rancen 203(k) na hukumar gidaje ta tarayya, FHA, wanda ke haɗa kuɗin saye da na gyara a bashi ɗaya.