Waiwaye: yadda makarantu suka fara lura da yara masu damuwa

A kowane aji akwai yaron da malami ya fi haddace sunansa: mai faɗa, mai tsokana, wanda ba ya zama wuri ɗaya. Akwai kuma wanda ke can kujerar baya, ba ya ɗaga hannu, ba shi da aboki, kullum sai ya ce cikinsa na ciwo. Na biyun ne ya fi ba ni tausayi, domin shi aka daɗe ana tsallakewa.

Tun farkon lamarin ma, ta ƙofar laifi aka shigo. A 1909 likita William Healy ya buɗe asibiti a Shikago ta Amurka don duba yaran da aka gurfanar gaban kotun yara. Wato sai yaro ya yi sata ko ya gudu daga makaranta kafin wani ya tambayi abin da ke damunsa. A 1928 wani mai bincike, E. K. Wickman, ya nemi malamai da masana lafiyar ƙwaƙwalwa su jera halayen yara gwargwadon muninsu. Malamai suka sa sata, ƙarya da rashin biyayya a sama. Masanan kuwa sun fi jin tsoron keɓe kai, yawan tsoro da baƙin ciki. Ban ga laifin malaman ba; mai kula da aji cike da yara, wanda ya hana shi koyarwa shi zai fara gani.

Wanda ya daidaita ma'aunin shi ne masanin halayyar ɗan Adam Eli Bower, bayan binciken da ya yi a makarantun Kalifoniya a shekarun 1950. Ya fitar da alamomi biyar: kasa koyo ba tare da wata cuta ko ƙarancin basira ba, kasa ƙulla hulɗa da 'yan aji da malamai, halin da bai dace da yanayin da ake ciki ba, baƙin ciki mai ɗorewa, da ciwon jiki ko tsoro mai nasaba da matsalar makaranta ko ta kansa. Da wannan ma'aunin, shiru ma ya zama abin dubawa.

Sai dai ganewa daban, haƙƙi daban. A 1972, a shari'ar Mills a birnin Washinton, an kai ƙara a madadin yara bakwai da aka hana karatu, wasunsu saboda halayyarsu. Kotu ta ce rashin kuɗi ba hujja ba ce. A 1975 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta wajabta ilimi kyauta ga duk yaro mai naƙasa, bayan ta gano yara miliyan ɗaya da aka rufe wa ƙofar makaranta gaba ɗaya. Ƙa'idojin aiwatar da dokar, na 1977, suka ɗauki alamomin Bower wajen fayyace rukunin yara masu damuwa, amma suka cire yaran da aka kira masu kangara kawai. Bower da kansa ya soki wannan, kuma yana da gaskiya: ta yaya malami zai raba kangara da damuwa a cikin yaro ɗaya? Har yau ƙasa da kashi 1 cikin 100 na ɗaliban ƙasar ne ke samun taimako a wannan rukunin.

Ingila ta bi tata hanyar, har a 2014 ta cire kalmar "hali" daga sunan da take kiran rukunin irin waɗannan yaran, ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa a madadinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Shi ya sa wasu makarantu suka daina jiran sai malami ya kai ƙorafi, suka koma tantance aji gaba ɗaya. Takardar tambayoyi 25 da likitan ƙwaƙwalwar yara Robert Goodman ya fitar a 1997 tana cikin waɗanda aka fi amfani da su. Biyar daga cikin tambayoyin kan damuwar zuci suke, ba kan faɗa ko tsokana ba. Suna tambaya ne ko yaron na yawan ciwon kai, ko yana yawan damuwa, ko yana yawan kuka.