Waiwaye: Yadda shela ta riga bincike a harkar ilimin Sakkwato

Shugabannin Najeriya sun daɗe suna zaɓar Sakkwato in za su yi shelar wani babban shiri na ilimi. A nan Janar Yakubu Gowon ya yi alkawarin ilimin firamare kyauta ga kowane yaro a 1974. A nan Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na matakin farko, wato UBE, ranar 30 ga Satumba, 1999, kuma a unguwar Gagi ce Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Afrilun 2012. Garin Shehu da Nana Asma'u ya cancanci wannan girmamawa. Sai dai galibi shelar ce ke yin gaba, a bar lissafi ya biyo sahu.

Shirin UPE na 1976, wato ilimin firamare kyauta da Gowon ya yi alkawari, ya isa misali. An yi tanadin yara miliyan 2.3 da za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga kimanin miliyan 3 sun hallara. Ba abin mamaki ba ne, tunda ƙidayar jama'a ta 1973 rigima ta sa aka soke ta, masu tsari suka yi aiki da kintace. Aka horar da malamai cikin gaggawa, aka cika azuzuwa maƙil, wasu yaran suka yi karatu a gindin bishiya.

Ba rashin masana ne ya jawo haka ba. Tun 1975 aka kafa Jami'ar Sakkwato, wadda ta koma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Ɗalibai da malamansu sun yi ta rubuta kundaye kan makarantun allo, karatun 'ya'ya mata da ƙarancin malamai. A ganina, hanyar da ta tashi daga ɗakin karatun jami'a zuwa teburin kwamishina ce ba a taɓa share ta sosai ba.

Binciken da ya fi girgiza hukumomi mai sauƙi ne ƙwarai. A 2011 da 2013, ƙarƙashin wani shiri da hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyi a Sakkwato da Bauchi, an gwada karatun yaran ƙananan azuzuwa ɗaya bayan ɗaya. Mai gwaji zai zauna da yaro, ya miƙa masa takarda mai haruffa, sannan kalmomi, sannan ɗan gajeren labari da Hausa, ya danna agogo na minti ɗaya yana lissafin abin da ya karanta daidai. Mafi yawan yaran ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba, a harshen da suke magana da shi a gida. Kafin nan abin da ake kai wa ofis shi ne yawan sunaye a rajista da yawan azuzuwan da aka gina, babu mai tambayar abin da yaron ya iya. Daga wannan sakamako ne aka fito da littattafan Mu Karanta da horon malamai kan koyar da sautin haruffa.

A ƙarshen 2015 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, aka kafa kwamitin ƙwararru ƙarƙashin Farfesa Riskuwa Arabu Shehu, Mai Alfarma Sarkin Musulmi kuma ya jagoranci kwamitin tuntuɓa. Cikin abubuwan da suka fito fili har da cewa Ƙaramar Hukumar Gudu ba ta da babbar sakandare ko guda, abin da ya sa aka gina ɗaya a Balle. A nan kam an duba kafin a yi aiki.

Raunin shi ne yawancin gwaje-gwajen da kuɗin baƙi aka yi su, ba da kasafin SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ba, ga shi an rufe USAID a 2025. A Nuwamban shekarar kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya soke manufar 2022 ta koyar da yaran firamare da harshen uwa, yana kafa hujja da sakamakon jarrabawar WAEC da NECO. Waɗannan jarrabawa ce ta ƙarshen sakandare, alhali matsalar da aka gano a Sakkwato tana aji biyu da aji uku na firamare ne.