Kifayen tankin ruwan gishiri sun mutu dare ɗaya: amsoshin tambayoyin da na gaji da ji

Tambayoyin dai su ne kullum, mai tambayar ne kawai ke canzawa. Ga amsoshin a wuri ɗaya. Don Allah a karanta kafin a sake turo min hoton mataccen kifi ana cewa "me ya kashe shi?" Hoto ba ya faɗin komai.

Na wayi gari na tarar kifi uku sun mutu. Me zan fara yi?

Kwashe gawarwakin yanzu, har wanda ya maƙale a bayan dutse, don ruɓewarsu tana fitar da amoniya, wadda guba ce ga waɗanda suka rage. Ka karkata injin juya ruwa ya riƙa motsa saman ruwan sosai, iska ta shiga. Ɗebi ruwan tankin a kwalba mai tsabta ka ajiye don gwaji, sannan ka canza kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari da sabon haɗin ruwan gishiri mai zafi ɗaya da gishiri ɗaya da na tankin. Sa sabon gawayin tace ruwa. Yau babu abinci, yunwar kwana biyu ba ta kashe kifi.

An ɗauke wuta da daddare, amma 'yan awanni ne. Zai iya zama dalili?

Ƙwarai kuwa. Ruwan teku yana riƙe oksijin ƙasa da ruwan daɗi da kusan kashi 20 cikin ɗari, kuma duk lokacin da ruwa ya ɗumama abin da yake riƙewa raguwa yake. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato, ga injin ya tsaya. Manyan kifaye ne kan fara tafiya, baki a buɗe. Wanda ya iya sayen tankin ruwan gishiri amma ya kasa sayen ɗan injin iska mai batir, ban san me zan ce masa ba.

Ruwana garau yake, sai na gwada?

Amoniya ba ta da launi, Malam. Gwada. Amoniya sifili, naitrait (gubar da amoniya ke rikiɗewa ta zama) sifili, pH (ma'aunin tsamin ruwa) tsakanin 8.1 da 8.4, gishiri 1.020 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, zafi digiri 24 zuwa 27. In tankin bai yi mako huɗu zuwa shida da kafawa ba ka cika shi da kifi, bakteriyar da ke cinye amoniya ba ta kafu ba tukuna, kuma ka riga ka sami amsarka.

Zan iya amfani da gishirin girki?

A'a.

Ruwa yana raguwa, ina cikawa da ruwan gishiri. Daidai ne?

Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan inda yake. Kullum ka cika da haɗi, ƙara gishiri kake yi. Da tataccen ruwan daɗi marar kulorin ake cikawa.

Na gwada, komai lafiya, amma suna ta mutuwa. In zuba maganin cutar kifi mai jan ƙarfe?

To, wannan ita ce tambaya, kuma amsarta ta danganta. Ajiye kwalbar maganin tukuna, ka dubi waɗanda suka rayu.

Idan jatan lande da ƙaguwa da dodon koɗi suna harkarsu, kifi kaɗai ke faɗuwa, galibi cuta ce ta kifi, ko da yake ƙarancin iska ma yakan yi kama da haka, tunda kifi ya fi su bukatar oksijin. Idan jatan lande ne suka fara mutuwa, guba zan fi zargi. Idan kowa ya tafi tare, ka koma kan iska da zafi da amoniya. Kada sifilin da ka gani da safe ya ruɗe ka: a tsohon tanki amoniya tana iya tashi da dare, ta yi ɓarna, bakteriya ta share ta kafin ka farka.

In cuta ce, tambayata ta farko: ka saka sabon kifi cikin makonni biyu ko uku da suka wuce? Wadda ta fi saurin kisa ita ce Amyloodinium. Tana kama wurin numfashin kifi, sai ka ga yana haki, yana tsayawa a gaban injin juya ruwa, yana gudun haske, jikinsa kamar an barbaɗa masa gari. Wani lokaci ma yakan mutu kafin komai ya fito a fata, cikin kwana ɗaya ko biyu. Cryptocaryon kuwa fararen ɗigo ne da ake iya ƙirgawa, kuma yawanci tana ba ka lokaci. Akwai ta uku, Brooklynella, mai son ƙaramin kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane wanda kowa ke fara saye: majina ce ke saɓulewa daga jikinsa. Jan ƙarfe yana maganin biyun farko, amma ba a dogara da shi a ta ukun, wadda aka fi yi wa wani magani da ake kira fomalin. Ka ga ke nan zuba magani da ka yana iya zama asarar kifi da kuɗi.

Ko da ka tabbata jan ƙarfen ake bukata, ba a babban tanki ake zubawa ba. Zai kashe murjani da jatan lande, duwatsu da yashi su shanye shi su riƙa sakinsa daga baya. Tanki daban, babu yashi babu dutse, da abin gwada jan ƙarfe a hannu, domin tazarar da ke tsakanin magani da guba kaɗan ce, kuma kowane kamfani da ma'auninsa. Kifin da ke haki sosai, tsoma shi a ruwan daɗi marar kulorin, mai zafi da pH ɗaya da na tanki, na minti biyar ko ƙasa, yakan sama masa sauƙi kafin magani ya kama. Yana iya kuma ƙarasa wanda ya riga ya galabaita. Kai ke gabansa, kai za ka auna.

In kuwa sabon kifin ne kaɗai ya mutu, sauran lafiya, mai yiwuwa da ciwonsa ya zo. An daɗe ana kama wasu kifayen ado da gubar sayanaid a tekun Filifin da Indonesiya, ga kuma wahalar doguwar hanya.

Hajiya ta fesa maganin sauro a falo, amma tankin a rufe yake.

Injin iska daga ina yake jawo iskar? Daga falon. Magungunan sauro, na fesawa da na kunnawa da fiya-fiya, guba ne mai ƙarfi ga kifi da jatan lande. Kuma ba laifin Hajiya ba ne, kai ne ba ka faɗa wa mutanen gida ba. Haka hannun da ke da sabulu ko man shafawa, kada ya shiga ruwan.

Na ji kamar in haƙura da kiwon gaba ɗaya.

Kwantar da hankalinka. Waɗanda suka shekara ashirin a harkar ma sun taɓa kwashe tanki guda. Duwatsunka da bakteriyarka suna nan, kuma su ne masu wuyar samu.

Yaushe zan sayo sabbi?

In iska ce ko amoniya, sai gwaji ya zauna daidai na mako biyu, sannan kifi ɗaya, ba biyar ba. In Amyloodinium ce, babban tanki ya zauna babu kifi ko ɗaya mako shida. In Cryptocaryon ce, kwana 76. Kowane sabon kifi kuma ya yi wata guda a tankin killacewa kafin ya shiga. Eh, har wanda mai shago ya rantse maka lafiyarsa ƙalau.