Waiwaye: Daga wasiƙa zuwa intanet, tarihin ƙawancen makarantunmu da na ƙetare

Duk lokacin da aka tayar da zancen haɗa makarantun Damagaram da na ƙasashen waje ta hanyar fasahar zamani, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne hoton yara a cikin aji, kowa riƙe da ƙaramar kwamfutar hannu, suna gaisawa da wasu yara a Faransa ko Kanada. An ɗauki irin wannan hoto a wurare da dama a ƙasar nan. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ina na'urorin suke bayan shekara biyu, kuma me yaran suka ƙaru da shi. Nijar ta fi shekara sittin tana gwada irin wannan haɗin gwiwa, kuma ya kamata mai shirin ƙulla sabo ya san yadda na baya suka ƙare.

Damagaram ba baƙuwar hulɗa da nesa ba ce. A zamanin Sarki Tanimun ayari na tashi daga nan zuwa Turabulus ta Agadas, wasiƙu cikin Larabci na kai da kawowa tsakanin fadar nan da Kukawa da Kano, almajirai kuma na tafiya gabas neman haddar Alƙur'ani su dawo su kafa tsangayunsu. Ko matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, a Zinder ya zauna a ƙarshen 1852 yana jiran kuɗi da kaya daga arewa. Zuwan Faransawa a 1899 ya juya alƙiblar. Da aka ɗauke babban birni daga Zinder aka mai da shi Yamai a 1926, sai ya zamana duk abin da ya shafi lakwal daga Paris yake fitowa, ya sauka Yamai, sannan in da rabo ya yi tafiyar kilomita kusan 900 ya iso mu. Wannan tsari bai gushe ba har yau, kuma shi ne ya sa yawancin gwaje-gwajen da za a ambata a nan labarinsu ya riga su isowa Damagaram.

Asalin ƙawancen aji da aji a makarantun da ke bin tsarin Faransa yana komawa ga wani malamin ƙauye, Célestin Freinet, wanda a shekarun 1920 ya sa ɗalibansa su riƙa buga rubutunsu da ƙaramin injin ɗab'i suna aika wa wani aji a yankin Bretagne, su ma su aiko da nasu. Dabararsa ita ce yaro ya fi kyautata rubutu in ya san akwai mai karantawa. Daga baya wannan al'ada ta shigo Afirka ta hanyar ƙawancen birane. Ita kanta Zinder ta ƙulla irin wannan hulɗa da yankin Val-de-Marne na Faransa a 2005. Ƴan sa-kai na Amurka da ake kira Peace Corps, waɗanda suka yi aiki a Nijar daga 1962 har aka janye su a farkon 2011, su ma wasunsu sun riƙa haɗa wasiƙa tsakanin ƙauyukan da suke zaune da azuzuwa a Amurka. Wasiƙa na daɗewa a hanya, amma ba ta buƙatar wuta, kuma malami ɗaya mai himma ya isa ya riƙe ta.

Gwaji mafi girma, wanda ya sa sunan Nijar ya shiga littattafan masana ilimi na duniya, shi ne talabijin na makaranta da aka fara a 1964 zamanin Shugaba Diori Hamani, da kuɗi da ƙwararrun Faransa. Matsalar da ake son magancewa a fili take: ƙasa ta samu ƴancin kai da ƙarancin malamai ƙwararru, kuma yaran da ke zuwa lakwal ƴan kaɗan ne ƙwarai. Sai aka kafa ɗakin shirya darussa a Yamai, ana watsa gajerun darussa sau da yawa a rana zuwa azuzuwa kimanin 20 masu yara wajen 800. Mai kula da ajin ba cikakken mushe ba ne. Matashi ne mai takardar gama firamare da aka ba ɗan horo, aikinsa ya ja hankalin yara ya kuma maimaita musu abin da suka gani. Inda babu wuta an gwada kunna akwatunan da hasken rana, a lokacin da wannan fasaha take sabuwa ko a Turai. Waɗanda suka zo duba aikin sun yaba: yaran na jin Faransanci suna mayarwa ba tsoro, kuma ba su cika barin makaranta ba. Kodebuwa ta ɗauki darasi ta kafa nata a Bouaké a 1971, mafi girma nesa ba kusa ba.

To amma azuzuwan gwajin a kewayen Yamai suke, iyakar inda na'urar watsawa ke kaiwa. Yaron Birni ko Zango ko Garin Malam ba ya cikin lissafi. Kuɗin tafiyar da shirin ya yi wa ƙasa nauyi da zarar hannun Faransa ya fara sassautawa, kuma ba a taɓa saka shi sosai cikin tsarin makarantun da aka saba ba, don haka malaman asali suka riƙa kallonsa a matsayin kishiya. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ya mutu, kayan aikinsa da ma'aikatansa suka zama tushen gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel. Na Kodebuwa ma bai wuce farkon shekarun 1980 ba. A ganina duk abin da zai faru da shirye-shiryen kwamfuta daga baya ya riga ya bayyana a nan: fasaha mai kyau, sakamako mai daɗin ji a ƙaramin gwaji, darasi cikin harshen da yaro ba ya ji a gida, da kuma kuɗin da ke hannun wani.

A daidai wannan zamani, a nan Zinder aka yi wani gwaji da ba shi da na'ura ko ɗaya. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar da ke fara koyar da yara da Hausa kafin a shigar da Faransanci. Daga nan aka faɗaɗa zuwa sauran harsunan ƙasa. Binciken da aka yi a kan waɗannan makarantu ya sha nuna cewa yaransu sun fi saurin iya karatu da lissafi, kuma Faransancinsu ba ya kasawa daga baya. Abin takaici, sun shafe shekaru da dama suna amsa sunan "gwaji". Duk da haka suna nan lokacin da talabijin ya zama tarihi, domin jarinsu malami ne da harshen da ke bakin yaro.

Da intanet ta bayyana, ƙawancen makarantu ya samu sabon rai a duniya. A 1988 aka haɗa makarantu 12 na jihar New York da 12 na Mosko, abin da ya haifar da iEARN, ƙungiyar da ke haɗa makarantun ƙasashe ta intanet. Bankin Duniya ya ƙaddamar da World Links a 1997, ya fara da Uganda. Tarayyar Turai ta kafa eTwinning a 2005. Rabon Nijar a wannan zamani ya fi tsayawa a matakin jami'a, kuma a Yamai: Jami'ar Abdou Moumouni ta karɓi darussa daga nesa ta Jami'ar Afirka ta Intanet, ƙungiyar jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci ta buɗe cibiyar kwamfuta a can, Indiya kuma ta kawo shirinta na haɗa ƙasashen Afirka da jami'o'inta da asibitocinta a 2009. Damagaram ba ta samu jami'arta ba sai 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou, ɗan garin nan. Akwai kuma IFADEM, shirin horar da malaman firamare daga nesa wanda aka amince da shi a taron ƙolin Bukares a 2006, Nijar ta shiga daga baya. Wannan aƙalla ya gane cewa malami ne ƙofar aji, musamman a ƙasar da ƴan kwantaragi suka fi yawa a cikin masu riƙe da alli.

Gwajin da ya fi ba ni sha'awa a karkararmu aka yi shi, kuma ba a makarantar yara ba. A 2009 da 2010 ƙungiyar agaji ta CRS tare da masu bincike ƙarƙashin Jenny Aker ta Jami'ar Tufts a Amurka suka gudanar da shirin ABC a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Dosso da Zinder. Azuzuwan yaƙi da jahilci ne na manya, maza da mata, da Hausa da Zabarmanci. A rabin ƙauyukan aka ƙara abu ɗaya: koya wa ɗalibai amfani da salula mai sauƙi, irin mai maɓalli, yadda za su gane lambobi da haruffa su rubuta saƙo. Waɗanda aka koya wa salular sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, kuma bayan watanni da rufe aji abin da suka koya bai zube kamar na sauran ba. Dalilin ba boyayye ba ne. Mai ɗa a Kano ko Libiya, ko mai son sanin kuɗin tiyar hatsi a kasuwar Dole kafin ya ɗora wa jaki kaya, yana da dalilin ci gaba da rubutu kullum. Na'urar tana da araha, ana gyara ta a kowace kasuwa, harshen kuma nasu ne. Haɗin gwiwa ne da ƙasar waje, amma an gina shi a kan abin da mutane ke da shi a hannu.

Bayan haka ne aka shiga zamanin rabon kwamfutocin hannu. Gidauniyar kamfanin waya na Orange ta kai wa wasu makarantun firamare na ƙasar akwatunan da ke ɗauke da su tare da ƙaramar ma'ajiyar littattafai da ba ta buƙatar intanet. Kamfanin kansa ya sayar da reshensa na Nijar a 2019. Gwamnati ta kafa hukumar fasahar sadarwa ta ANSI a 2017 da shirin ƙauyuka masu fasahar zamani, Bankin Duniya ya ware masa dala miliyan 100 a 2020. Sai korona ta zo ta auna kowa. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, abin da ya yi ɗan aiki shi ne rediyo, da talabijin ga masu shi, da zaurukan WhatsApp da malamai suka buɗe da kuɗin aljihunsu, galibi don ƴan ajin jarrabawar BEPC da BAC. Yaran karkara zama suka yi har aka sake buɗewa a watan Yuni.

Wuta ita ce maganar da masu kawo shiri ke son tsallakewa. Yawancin lantarkin da Zinder da Maraɗi ke sha daga Najeriya yake zuwa ta layin Katsina zuwa Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka yanke shi a watan Agusta, ba a ɗage takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma da ya jawo hakan ba sai Fabrairun 2024. A wannan tsakani abokan hulɗa da yawa na Turai suka dakatar da ayyukansu, kuma a Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda ita ce uwar IFADEM. Ko mutum na goyon bayan waɗannan matakai ko ba ya yi, abu ɗaya ya fito fili: ƙawancen da ya rataya ga ofishin jakadanci yana faɗuwa ranar da siyasa ta juya, yaran da aka yi wa alkawari kuma ba a tambayarsu.

A watan Maris ɗin nan dai na 2025 sabon kundin tsarin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Wannan ya sa dole a sake duba wata tambaya da aka daɗe ana kau da kai a kanta. Daga Zinder zuwa Kano kilomita 240 ne ko kusa da haka. Daura ta fi kusa. Can akwai Jami'ar Bayero da ta shafe shekaru tana nazarin Hausa, akwai littattafan koyarwa, akwai malaman da suka saba fassara kimiyya ga yara da harshen gida. Nan kuma muna da gogewar makarantun harshe biyu tun 1973, da makarantar horon malamai ta Askia Mohamed, da Faransancin da ɗaliban can ke nema. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tana nan tun 1971, an kuma zauna a Yamai a 1980 don daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa tsakanin ƙasashen biyu. Hatta igiyar intanet ta ƙarƙashin ƙasa da aka tsara ta ratsa Sahara, reshenta ɗaya daga Zinder ya nufi iyaka ta Magarya. Ƴan kasuwa da malaman tsangaya da masu auratayya ba su taɓa daina ƙetare wannan iyaka ba. Makarantun boko ne kaɗai ba kasafai ake jin sun waiwayi juna ba, kowace tana kallon tsohuwar uwargijiyarta.

Ba abu ne mai sauƙi ba, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. Manhajar karatu ta bambanta, lokutan hutu ba ɗaya ba ne, masu shirin BEPC da masu shirin WAEC ba tambaya ɗaya ke gabansu ba, dangantakar gwamnatocin biyu kuma tana da tsami tun 2023. Kalmomin kimiyya ma sai an zauna a kansu, tunda namu sun jingina da Faransanci, nasu da Ingilishi. Amma aji biyu, ɗaya a Lise Amadou Kouran Daga ɗaya a wata sakandare a Daura ko Kazaure, za su iya auna ruwan saman damina ɗaya su kwatanta, ko su tattara yadda manoma ke raya sahuwar gawo a gonakinsu, wanda Matamai da Magarya suka yi suna a kansa, su aika wa juna rubutu da murya ta wayar malami. Abin da hakan ke buƙata shi ne faranti ɗaya na hasken rana don caji, kuɗin intanet na wata da ƙungiyar iyayen yara za ta iya ɗauka, izini a rubuce daga hukumomin ilimi na ɓangarorin biyu, da sa'a ɗaya a mako da aka amince wa malamin a cikin jadawalinsa, ba a kan lokacin hutunsa ba.