Rage ma'aikata a kamfanin shinkafa: da gaske na ƙarshen zuwa ne zai fara tafiya?

Mako biyu ke nan wani saƙon murya yana yawo a wayoyin mutane a Birnin Kebbi, cewa ɗaya daga cikin kamfanonin casar shinkafa zai rage ma'aikata, wai kuma doka ta riga ta gama magana: duk wanda aka ɗauka daga baya ya tattara nasa ya nasa, tsofaffin hannu kuwa su yi barci har da minshari. Ƙanen maiɗakina, wanda bai cika shekara biyu a sashen ɗinkin buhu ba, ya same ni da saƙon a ƙofar gida bayan isha'i. "Yaya, shi ke nan tawa ta ƙare ke nan?" Na ce masa ya zauna tukuna, domin mai saƙon rabin jimla ya karanta.

Ba abin mamaki ba ne a ji irin wannan tsoro. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a nan Birnin Kebbi a 2015, aka kuma rufe iyakoki a 2019, matasa da yawa daga Argungu, Jega da Kamba suka samu abin yi a injinan shinkafa. Da gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, ga tsadar wuta da dizal, lissafin masu injinan ya sauya. Idan inji ya koma aiki da rana kawai, dole wani ya zauna gida. Abin tambaya shi ne wane ne, kuma wa ke zaɓa.

Maganar tana sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta tarayya. Dokar ta shafi leburori, masu aikin hannu da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji, injiniyoyi da akantoci suna wajenta, su takardar yarjejeniyarsu ce madogara. Ta ce rage ma'aikata shi ne mutum ya rasa aikinsa dindindin, ba da son ransa ba, saboda hannu ya yi wa aikin yawa. A riƙe wannan da kyau. Wanda aka kora don sata ko fashin aiki, nasa daban ne. Wanda aka ce ya je gida sai kaka in shanshera ta shigo, shi ma ba a rage shi ba tukuna.

To, ga jimlar da ake yankewa. Gaskiya ne doka ta ce a bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi zai fara fita. Amma ta ɗaura mata sharaɗi biyu a wuri guda. Na farko, a cikin rukunin ma'aikatan da abin ya shafa ake wannan lissafi, ba a kamfanin gaba ɗaya ba. Idan sashen turara shinkafa ne aka rufe tukunya ɗaya, direban da aka ɗauka jiya ba ruwansa, alhali mai shekara bakwai a bakin tukunya yana iya tafiya in shi ne na ƙarshen zuwa a cikin abokan aikinsa. Na biyu, kuma nan ne gizo ke saƙa, doka ta ce ana bin wannan ƙa'ida ne tare da duba cancanta, har ta ambaci ƙwarewa, iya aiki da riƙon amana. Ma'ana, manaja yana da damar ya riƙe yaron da ya zo bara saboda shi kaɗai ya iya sarrafa injin tsince shinkafa, ya sallami dattijon da ya girme shi a wurin. Don haka sabon ma'aikaci kada ya yanke ƙauna, tsohon kuma kada ya saki jiki.

Ni dai a ganina, da wannan sharaɗi na biyu doka ta ba da da hannun dama ta karɓe da na hagu. Shekarun aiki abu ne da kowa zai iya ƙirgawa. Riƙon amana fa, wa ke auna shi? Shi dai manajan da ya rubuta sunayen. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani ya san yadda "ba shi da biyayya" kan zama sunan wanda ya tambayi kuɗin ƙarin lokaci. Sai dai a yi adalci, masu kamfani ma suna da hujja: inji ba ya jin shekaru, wanda ya iya shi yake ji.

Saboda haka mai son gane ko shawarar shugabannin kamfani tana da tushe, kada ya tsaya kan ranar da aka ɗauki kowa. Ya duba ko da gaske aikin ne ya ragu. Kamfanin da ya sallami mutum ashirin yau, bayan wata guda ɗan kwangila ya kawo wasu ashirin su tsaya a gurabensu a kan kuɗin yini, zai sha wuyar nuna cewa hannu ne ya yi yawa. Ya duba kuma ko an taɓa ba wanda aka ce bai cancanta ba takardar gargaɗi, ko kuwa rashin cancantar ranar rabon takardu aka gano ta. Sannan doka ta wajabta wa kamfani ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragewar da yawan waɗanda za ta shafa. Sanarwa ta ce, ba neman izini ba. Masu cewa sai ƙungiya ta sa hannu sun ƙara gishiri. Korar mutum don ya shiga ƙungiya kuwa, sashe na 9 ya hana.

Sai maganar kuɗi, inda jita-jitar ta rabu biyu. Wasu na cewa ko sisi babu, wasu na cewa albashin wata guda ne kan kowace shekara. Babu ɗaya daga ciki a sashe na 20. Abin da ya ce shi ne kamfani ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen tattauna kuɗin sallama. Bai yanke adadi ba. Adadin yana cikin takardar ɗaukar aiki, ko kundin sharuɗɗan kamfani, ko yarjejeniyar ƙungiya, in akwai. Abin da yake a yanke shi ne wa'adin sanarwa na sashe na 11: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga biyar zuwa sama, ko a biya kuɗin wa'adin a madadinsa. Albashin da aka riga aka yi wa gumi kuma ba ya faɗuwa. Mai asusun fansho, in ya yi wata huɗu bai samu wani aiki ba, dokar fansho ta 2014 ta ba shi damar cire kashi 25 cikin ɗari.

Hukuncin saɓa dokar shi ne abin dariya, in da ba abin kuka ba ne. Sashe na 7 ya ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku. Tarar wanda ya ƙi? Ba ta wuce Naira 800 ba a karon farko, Naira 1,500 in ya maimaita. Ko mudun shinkafar da suke casa ba za ta saya ba. Shi ya sa ƙarfin ma'aikaci ba a tarar yake ba, yana Kotun Ƙwadago ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin irin waɗannan shari'u ita kaɗai, ya kuma ba ta damar duba yadda ake yi a sauran duniya. A hukunce-hukuncenta da dama ta nemi kamfani ya kawo dalilin sallama, ba kamar da ba da ake cewa mai ɗauka shi ke kora ba tare da bayani ba. Kafin a kai ga kotu, ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke jiha yana zaman sulhu.

Da na gama wannan bayani, na tambayi surukina su nawa ne a sashen ɗinkin buhu. Ya ce tara, uku sun zo bayansa. Na ce ina takardarsa ta ɗaukar aiki? Ya yi shiru, sannan ya ce ai ɗan kwangila ne ya kai shi, sunansa kawai aka rubuta a littafin ƙofa. Na ce gobe da sassafe ya je banki ya fitar da bayanan shigar albashinsa tun daga watan farko, ya ɗauki hoton katin shaidarsa na aiki kafin a ce a mayar.