Fatar lu'ulu'u ta ɓare? Duba farantin kafin ka zargi inji

Ana tsirar da lu'ulu'u (daimon) a cikin inji daga iskar gas mai kabon, ya kwanta a kan faranti kamar siririyar fata.

Wai da gaske farantin da ake tsirar da lu'ulu'u a kansa yana da tasiri?

Ƙwarai. Ka sa iskar mitan (methane) kashi 1 cikin 100 a iskar haidurojin, ka kai zafi digiri 800, ka jera faranti uku daban-daban a inji ɗaya, za ka kwashe fata iri uku. Abu uku ake tambaya game da kowane faranti: yana haɗuwa da kabon ya yi kabaid? Yana shanye kabon? Yaya yake tsukewa in ya huce?

Zan iya tsirar da shi kai tsaye a kan baƙin ƙarfe?

A'a. Baƙin ƙarfe da nikel da kobal suna shanye kabon, abin da ya rage a sama kuma su mayar da shi girafayit, baƙin nan na bakin fensir. Lu'ulu'un zai zauna a kan wannan baƙin, da farce ma ka ɓare shi. In dole ne, fara shimfiɗa wani abu a tsakani, kamar kuromiyam naitiraid.

Me ya sa kowa silikon yake amfani da shi?

Yana yin siririn kabaid da ke riƙe fatar, kuma tsukewarsa ba ta yi nisa da ta lu'ulu'u ba: kusan kashi 2.6 cikin miliyan a kowane digiri, lu'ulu'u kuwa kusan 1. Na jan ƙarfe 17 ne, kuma ba ya yin kabaid sam, shi ya sa fatar ke rabuwa da shi da kanta tun inji bai gama hucewa ba.

Na rufe bakin yanka na tungstan kabaid, fatar ta yi kyau, amma da fara aiki sai ta tashi. Ina matsalar?

To, nan ne ba amsa ɗaya. Galibi kobal ne, wanda ke ɗaure ƙwayoyin kabaid ɗin. Fara duba nawa ne a ciki. In kashi 6 ne ko ƙasa, da sauƙi. In ya kai 10 zuwa sama, aikin ya yi tsauri, wani lokaci ma gara a sake baki.

Abin da aka saba yi mataki biyu ne. Na farko ruwan Murakami: giram 10 na fotasiyam ferisayanaid, giram 10 na fotasiyam haidiroksaid, ruwa mililita 100. Shi ke cin kabaid ɗin ya kaurara fuskar don fata ta sami abin kamawa. Na biyu asid ɗin salfa gauraye da haidurojin feroksaid, na 'yan daƙiƙoƙi kawai, don cire kobal na sama. Kada ka kuskura ragowar ruwan farko ya haɗu da asid, a wanke tas a tsakani.

Sai dai fa ana wuce gona da iri. In ka ci kobal ya yi zurfi, ƙwayoyin kabaid na sama sun rasa abin da ke riƙe su, fatar za ta manne daram amma ta tashi tare da ƙasanta. Juya ɓawon da ya tashi ka duba bayansa a madubin ƙara girma. Baƙi sumul, kobal ne ya yi girafayit. Ƙwayoyin kabaid manne a jiki, kai ka cika cin fuskar. Akwai kuma na uku: ka yi komai daidai, amma zafin tsiro ya yi yawa har kobal na ciki ya sake haurowa. Nan sai a rage zafi, a haƙura da jinkiri. Wanne ne naka? Ya danganta da girman ƙwayar kabaid da kaurin fatar, kuma sau da yawa biyu ne suka haɗu.

Dole ne sai na shuka iri a fuskar farantin, wato ƙananan ƙwayoyin lu'ulu'un da tsiro zai fara a kansu?

Dole. Silikon mai sheƙi da ba a taɓa ba da ƙyar yake ba da tsiro dubu 100 a murabba'in santimita, tsibi-tsibi, da ramuka tsakani. Tsoma shi a ruwan ƙananan ƙwayoyin lu'ulu'u, adadin ya kai wajen biliyan 100, fatar ta rufe tun tana siririya. Masu tsallake wannan mataki su ne ke dawowa suna kuka da inji.

A gwajin haske na Raman, wanda ke nuna layin lu'ulu'u a lamba 1332, layina ya goce daga nan, na ɓata aikin?

Kwantar da hankalinka. In ya ɗan haura sama, matsi ne: farantin ya fi fatar tsukewa da ya huce. A kan molibdinam ko tungstan kabaid haka ake gani. Abin damuwa shi ne faffaɗan tudu wajen 1500 zuwa 1600, alamar kabon da ba lu'ulu'u ba.

Ina son lu'ulu'u dunƙule ɗaya, ba ƙwayoyi barkatai ba.

To manta da silikon tsirara, tazarar atam ɗinsa ta zarce ta lu'ulu'u da fiye da rabi. Ko ka tsira a kan wani lu'ulu'un da aka goge fuskarsa da kyau, don duk karce da aibin da ke ƙasa sai ya bi fatar har sama, ko ka nemi iridiyam, wanda bambancinsa bai kai kashi 8 cikin 100 ba. A kansa masu bincike na Jami'ar Augsburg a Jamus suka fitar da faifai mai faɗin milimita 92 a 2017. Amma shi ma sai an sa wa farantin lantarki ana jefa masa ayon, wato atam masu cajin lantarki, kafin tsiro ya kama, kuma in injinka ba ya wannan, kada ka ɓata kuɗinka a iridiyam.