Daidaito ba wai mace ta zama namiji ba ne

A fada ko a kasuwar Dole ta Damagaram, da an ce feminisim sai ka ji wani ya ce ai mata ne ke son su hau kan mazajensu, su daina girki, wai Turawa suka kawo mana. Wallahi ba haka abin yake ba. Abin da ake nufi shi ne yarinya ta samu zuwa lakwal kamar ɗan'uwanta, kar a cire ta daga aji a ɗora mata tallan goro ko a aurar da ita tun ba ta gama firamare ba, a ba mace gadonta da Allah ya yanka mata kar kawu ya cinye gona, in ta yi aiki a biya ta daidai.

Kuma zancen Turawa ɗin nan ni yana ba ni dariya. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo tun ƙarni na 19 take tura jajis, wato malamai mata, ƙauye ƙauye suna koya wa mata karatu. Nan Nijar ma, ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi zanga-zanga a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya taron ƙasa, shi ya sa har yau ake bikin ranar. A 2000 aka yi dokar kaso, kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe ga mata, a 2019 aka ɗaga zuwa 25.